Prolene ko Vicryl: da wane zare za a kafe raga a aikin kaba?

"Salam Cif, barka da aiki. Ni ƙaramin likita ne, yanzu nake koyon tiyata, kuma aikin kabar matsematsi shi ne wanda aka fi sakar min in yi da hannuna. Abin da ya ɗaure min kai shi ne manyana biyu kowa da nasa. Ɗaya Prolene yake sa wa ragar tun daga farko har ƙarshe, ya ce duk wanda ya sa zare mai narkewa gayyatar kabar yake ta dawo. Ɗayan kuma Vicryl yake sawa, ya ce Prolene ne ke sa mutane suna dawowa da ciwon da ba ya jin magani. Toh wanne zan bi? Kuma ranar da aka buɗe kabad babu zaren da nake so fa, ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam Dakta, sannu da ƙoƙari. Wannan gardamar ba a kan manyanka aka fara ta ba, kusan duk ɗakin tiyatar da ake aikin kaba za ka tarar da ita, kuma abin da ya hana ta mutuwa shi ne kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Mai Prolene dawowar kaba yake tsoro, mai Vicryl kuma ciwo mai daɗewa yake gudu, su biyun nan kuwa da su ake auna ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. In na fahimce ka, so kake ka san zaren da zai riƙe raga, wato ragar robar da ake shimfiɗawa don toshe kabar, har jiki ya kama ta ba tare da ya bar wa mutum ciwo ba. Don kada in ja maka rai: zare mai sili ɗaya, ko wanda ba ya narkewa irin Prolene, ko mai narkewa a hankali irin PDS, mai kaurin lamba 2-0. Vicryl shi kaɗai a duk ɗinkin gaskiya ban yarda da shi ba. Maganar ciwo kuma, inda allurarka ta shiga da yadda ka ja ƙulli sun fi sunan zaren tasiri nesa ba kusa ba.

Wane aiki ma zaren yake yi tukuna

A aikin Bassini da ya fito a Italiya wajen 1887, da na Shouldice da ya biyo baya a Kanada, zare shi ne gyaran gaba ɗaya, domin nama ake janyowa a haɗa da nama, in zare ya saki to aiki ya warware. Shi ya sa a asibitin Shouldice har siririyar waya ta ƙarfe mara tsatsa aka san su da ɗinki da ita. Da Francis Usher ya shigo da ragar roba a ƙarshen shekarun 1950, sannan Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Amurka suka fara shimfiɗa ta ba tare da jan nama ba daga 1984, suka wallafa sakamakon a 1989, sai lissafi ya canja. Yanzu ƙarfin gyaran daga naman tabo yake zuwa, wanda ke tsirowa ta cikin ramukan ragar har ta zama wani ɓangare na bangon ciki. Zaren kamar katakon da magina ke tokare dakin da shi ne kafin kankare ya kama, in ya kama katakon ba shi da sauran aiki, amma in ka zare shi da wuri ka san abin da zai biyo baya.

Toh nan ne mai Vicryl yake da hujja, ya ce tunda aikin zaren na ɗan lokaci ne, don me za a bar wa mutum baƙon abu a jiki har abada? Hujja ce mai kyau a baki. Matsalar ita ce tsawon wannan "ɗan lokacin". Nama yana fara shiga raga tun a makonnin farko, amma tabon bai yin ƙwari sai an shafe makonni da dama har watanni, kuma a daidai wannan lokacin ragar tana tsukewa yayin da tabon ke jan ta, Parviz Amid da ya ci gaba da gyara aikin Lichtenstein ya ƙiyasta tsukewar da kusan kashi 20 cikin 100. A lokacin ne kuma mutum ya miƙe, yana tari, yana yunƙuri a bayi, wani ma ya koma ɗaukar kaya tun kafin ka ba shi izini. Saboda haka ba sati biyu ake so zaren ya yi ba, ana so ya wuce wannan tsakanin da sauran ƙarfinsa.

Zarurrukan da kansu

Vicryl tufkakken zare ne, sili da yawa aka kitsa. A sati 2 yana da kusan kashi 75 na ƙarfinsa, a sati 3 ya koma rabi, a sati 4 saura kashi 25, daga nan kuma sai dai suna, ya ɓace gaba ɗaya tsakanin kwana 56 zuwa 70. Ka lura, ɓacewar zare daban, rasa ƙarfinsa daban, ƙananan likitoci da yawa suna riƙe kwana 70 ɗin nan a ka suna zaton zaren yana aiki har lokacin, alhali tun a wata ɗaya ya ajiye aiki. PDS sili ɗaya ne, mai kauri irin 2-0 yana riƙe da sama da rabin ƙarfinsa har sati 6, ba ya gama narkewa sai bayan wata 6 ko fiye. Maxon ma ajinsu ɗaya. Prolene kuwa da sinadarin da ake yin yawancin ragar aka yi shi, ba ya narkewa, ba ya tayar wa nama da hankali sosai, kuma da yake santsi ne da shi ƙwayoyin cuta ba sa samun lungun ɓuya kamar a tufkakken zare. Aibinsa taurin kai, yana son komawa yadda aka naɗe shi a fakiti, ƙullinsa yana zamewa in ba ka ninka shi sau biyar ko shida ba, sai ka tashi da ƙulli mai ƙullutu da gashin baki biyu masu tsini.

Monocryl da katgot ba sa cikin maganar ma, Monocryl a sati 2 ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa, na fata ne. Siliki kuma kar ka kusantar da shi da raga, in ƙwayar cuta ta samu wurin zama a cikinsa za ka yi ta fama da ɗan rami mai tsiyayar ruwa har sai ka koma ka tono zaren.

Abin da aka gani a Suwidin

Hujjar da ta fi nauyi a wannan magana daga rijistar aikin kaba ta ƙasar Suwidin ta fito. Novik da abokansa sun wallafa ta a 2011, sun duba aikin Lichtenstein guda 82,015, suka kasa su gida uku: zare mara narkewa, mai narkewa a hankali, da mai narkewa da wuri. Tsakanin na farko da na biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen sake yin aiki saboda kaba ta dawo. Amma mai narkewa da wuri, ajin su Vicryl da Dexon, haɗarin sake aikin ya ninka fiye da sau biyu. Kaga a nan ogan naka mai Prolene ya ci rabin gardama, rabi na ce, domin abin da ya faɗa cewa duk zare mai narkewa yana kawo dawowa ba haka ba ne, PDS ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Prolene.

Sai dai ka san irin hujjar da ke hannunka. Rijista ce, ba gwajin da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a ba, likitan da ke zaɓen Vicryl yana iya bambanta da sauran a wasu abubuwan da ba a rubuta ba. Kuma waɗanda aka sake yi wa aiki aka ƙirga, wanda kabarsa ta dawo ya haƙura ya zauna a gida bai shiga lissafi ba. Duk da haka aiki dubu tamanin ba wasa ba ne, kuma sakamakon ya yi daidai da abin da hankali zai ba ka in ka duba kwanakin da na lissafa a sama.

Ciwon fa, daga ina yake zuwa

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi ɗora wa zare laifin da ba nasa ba. Ciwon da ya wuce wata 3 bayan aiki shi ake kira mai daɗewa, kuma ƙa'idojin duniya na ƙungiyar masana aikin kaba ta HerniaSurge da suka fito a 2018 sun sa shi a kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wanda ke hana mutum harkokinsa kuma bai kai haka ba amma akwai shi. Yau da raga ta rage dawowar kaba sosai, wannan ciwon shi ne babbar matsalar aikin. An gwada ko zare mai narkewa zai rage shi, Paajanen a ƙasar Finlan ya kwatanta Dexon da Prolene a 2002 bai samu bambanci ba. Dalili a bayyane yake in ka yi tunani: jijiyar ji da ka shaƙe da ƙulli ranar aiki ta riga ta ji rauni, ko zaren ya narke bayan wata biyu tabon da ya taru a wurin yana nan riƙe da ita.

Jijiyoyin ji guda uku ne ke wucewa ta filin aikinka. Iliyo-inguwinal tana kwance a kan igiyar maniyyi da zarar ka buɗe ekstanal oblik, wato shimfiɗar waje ta bangon ciki, ita kowa ya sani. Reshen jenitofemoral yana bin ƙasan igiyar tare da wata 'yar jijiyar jini mai shuɗi-shuɗi, in ka ɗaga igiyar da ita a ciki ka tsira. Wadda ta fi cin mutane ita ce iliyo-haifogastirik, domin a sama take, daidai inda za ka ɗinke bakin ragar na sama, kuma wani yankinta a cikin tsokar intanal oblik yake tafiya inda ido ba ya gani. Ka cusa allura cikin jan naman tsokar nan ka ja ƙulli da ƙarfi, to ko da wane zare ne ka iya kama ta.

Wuri na biyu shi ne ƙullutun ƙashin mara. Akwai masu cewa sai sun ji allura ta ƙarci ƙashi hankalinsu ke kwanciya, wai ɗinkin farko ya kama tantanin ƙashi don kada ya saki. Wannan tantanin cike yake da jijiyoyin jin zafi. Irin waɗannan marasa lafiya in an turo maka su ba sa wahalar ganewa, ka ce ya nuna maka inda ke ciwo sai ya sa yatsa ɗaya tak a kan ƙashin, ba ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai ciwon jijiya da ke cewa yana jin kamar wuta ko lantarki na sauka cikin cinya da maraina. Ka danna wurin ya zabura, ka yi masa 'yar allurar lidoken a daidai nan ciwon ya ɗauke na wasu awanni. Na taɓa buɗe irin wannan da aka turo min daga wani wuri bayan magani da allurai sun gaza, mutum ne siriri ba kitse, abin da na tarar shuɗin ƙulli ne guda ɗaya da ya nutse cikin tantanin ƙashi, wutsiyoyinsa a miƙe. A nan kam dole a yarda Prolene yana da nasa kason, domin zare mai narkewa da ya ɓace da kansa, amma asalin laifin zurfin ɗinkin ne.

Yadda nake kafe ta

Raga nake yankowa daga mai faɗin santimita 7.5 da tsawon 15, in zagaye kusurwar da za ta kwanta wajen mara. Ɗinkin farko da Prolene 2-0 a kan allura mai zagayayyen jiki, ba mai kaifin yanka ba, a cikin farin tantanin da ke lulluɓe da tsokar rektus sama da ƙashin, ragar ta haye ƙullutun ƙashin da kusan santimita 2. Wannan hayewar ita ce ran aikin, yawancin kabar da ke dawowa bayan Lichtenstein ta wannan kusurwar take ɓullowa, in ka buɗe sai ka ga ragar ta ja da baya ta naɗe kamar ba a taɓa kai ta wurin ba. Daga nan da zaren guda nake bin bakin ƙasa a kan ligamen ɗin inguwinal, wato tauraran tantanin da ya miƙe daga ƙashin ƙugu zuwa ƙashin mara, ɗinki uku ko huɗu sun isa, kuma sama-sama, ka riƙa ganin ƙarfen allurarka ta cikin ligamen ɗin domin manyan jijiyoyin jinin cinya suna ƙarƙashinsa kaɗan. Ina tsayawa daidai na wuce ƙofa ta ciki da igiyar maniyyi ke fitowa ta cikinta, gaba da nan ba amfani sai haɗarin taɓa jijiyar femoral. Kada kuma ka riƙa cizon ligamen a layi ɗaya, yana tsagewa, ka ɗan saɓa.

Bakin sama kuma ga abin da zai ba ka mamaki, a bayanin Amid kansa ɗinki ɗaiɗai ne da zare mai narkewa, guda biyu ko makamancin haka, ɗaya a tantanin rektus ɗaya a farin tantanin intanal oblik. Wato shi ma ogan naka mai Vicryl bai faɗi ƙasa warwas ba, a wannan gefen yana da madogara, don nan ne jijiya ke ɓuya kuma nan ba shi ne ke ɗaukar nauyi ba. Ni PDS nake sawa in akwai, in babu Vicryl 2-0 ya wadatar a nan. Ina neman farin tantani in guji jan nama, in sa ɗinkin ya bi tsawon yadda jijiyar ke tafiya maimakon ya gitta ta, sannan ƙullin a sake, yadda bakin almakashi zai iya shiga ƙarƙashinsa. In jijiyar ta tare hanya na fi son in ɗan tsaga ragar in ba ta wuri. In kuma ta riga ta ji rauni ko ba yadda za a yi ta kauce wa raga, gara a yanke ta da kyau a bar kan ya nutse cikin tsoka, wurin ya yi dindiris ya fi a bar ta a shaƙe.

Wutsiyoyi biyun da ka tsaga a ragar don igiyar maniyyi ta wuce, na sama mai faɗi ya haye na ƙasa, ka haɗa su da ligamen da ɗinki ɗaya na Prolene, sabuwar ƙofar ta bar igiyar tana motsi ba matsi. In ka gama ragar ta ɗan yi tudu a tsakiya, kada ta miƙe tsaf kamar an yi mata guga, mutumin a kwance yake yanzu, in ya tashi tsaye cikin zai turo ya cinye wannan sakin. Ƙullin Prolene kuma ka yanke wutsiya gajere ka juya shi ya kwanta nesa da igiyar.

Gam da ragar da ke kama kanta

Tunda allura ce ke jawo rauni, sai aka ce to a daina ɗinkin mana. Akwai gam iri biyu, na fibirin irin Tisseel da na sayanoakirilet irin Histoacryl. Gwajin TIMELI da Campanelli ya jagoranta, wanda ya fito a 2012, ya nuna Tisseel ya rage haɗakar ciwo da dindiris da rashin jin daɗin wurin a shekara ɗaya, a kaba ƙanana da matsakaita. Wasu gwaje-gwajen kuma, har da na FinnMesh a 2015 da ya haɗa gam da zare da raga mai kama kanta, ba su ga bambanci a ciwo mai daɗewa ba. Raga irin ProGrip mai ƙananan ƙugiyoyi masu narkewa tana rage lokacin aiki, amma ba ta kawo sauƙin ciwon da aka yi fata ba. Ra'ayina, gam abu ne mai kyau a ƙaramar kaba, yana iya rage zafin kwanakin farko, amma a babbar kaba dairek, wato mai turo bangon baya kai tsaye, wadda bangon ya rushe gaba ɗaya ba zan bar kusurwar mara ba ɗinki ba.

Aikin kyamara lissafinsa daban ne, ragar a bayan bango take, matsin ciki ne ke danne ta. A TEP, wato aikin kyamarar da ake yi ba tare da an shiga ramin ciki ba, yawanci ba a buƙatar kafe ta da komai, sai a babbar kaba dairek ƙa'idojin suka ce a kafe. Masu harba ƙusoshin kafe raga kuma doka ɗaya ce ba a karya ta, ba a harbawa ƙasa da layin iliyofubik, wanda ke bin ligamen ɗin inguwinal ta ciki, daga wajen jijiyoyin jinin maraina zuwa gefe, nan jijiyoyin ji suke, tsakiya kuma manyan jijiyoyin jini. Mafi yawan aikina na buɗewa ne, saboda haka a wannan fannin ka nemi wanda hannunsa ya faɗa a kyamara ya zaunar da kai.

Ranar da babu zaren

In babu Prolene, PDS ko Maxon su ne na gaba, ka yi duk ɗinkin da su hankali kwance. In su ma babu, nailan mai sili ɗaya 2-0 zai yi, yana rage ƙarfi a hankali cikin shekaru amma kafin nan raga ta daɗe da kamawa, sai dai ka duba allurar, yawancin nailan da allurar fata mai kaifi yake zuwa, ita kuwa tana yanka ligamen. In Vicryl kaɗai ya rage kuma aikin ba na gaggawa ba ne, a nemo zare kafin a kwantar da mutum, abin da ake dubawa ne tun kafin a yi allurar baya. Kauri kuma kada ka wuce 2-0, lamba 0 ko 1 ba abin da za su ƙara sai girman ƙulli, a siririn mutum ma 3-0 ya isa.

Game da manyanka, a ɗakin kowa ka bi tsarinsa, amma ba laifi cikin ladabi ka roƙi mai Vicryl ya bar ka ka sa Prolene ko PDS a kusurwar mara da bakin ƙasa, ka nuna masa binciken Suwidin ɗin, shi kuma mai Prolene ka lura ko yana nemo jijiyoyin nan uku kafin ya fara ɗinki. Duk wannan bayanin na kabar babban mutum ce da ba ta shaƙe ba. In hanji ya mutu wurin ya gurɓata, tambayar ta koma ko za a sa ragar ma ko a'a, yara ƙanana ba a sa musu raga, mace kuma sai ka tabbatar ba kabar femoral ba ce, wato mai ɓullowa ta ƙarƙashin ligamen ɗin a saman cinya, don Lichtenstein ba ya rufe wannan ƙofar. Sannan ka riƙa rubuta sunan zaren da lambarsa da jijiyoyin da ka gani a takardar aiki, kuma ka sa a dawo maka da mutum bayan wata 3, ba ranar duba ciwo kaɗai ba, ka tambaye shi ciwo da bakinka domin da yawa ba sa faɗa in ba a tambaya ba.